Zaman Makokin Insaf na Farko

Ranar wata Lahadi likitan Amman ya ce mana maganin ya daina aiki, mu koma gida. Ba haka ya faɗa kai tsaye ba, don ba a koya musu hakan a makaranta. Ya dubi kwamfutarsa ya ce daga yanzu za a mai da hankali ga jin daɗinta. Insaf, matata, ta gyara mayafinta ta yi masa godiya, ta ce ya riƙa karyawa kafin ya fito aiki don ta ga ya rame. A hanyarmu ta komawa garinmu Karak ta sa na tsaya na sayi tumatir a bakin titi, da ta duba ledar kuma ta ce an cuce ni.

Ciwon daji ne. A hanji ya fara, daga baya ya yi ƙaura zuwa hanta. A garinmu ba a kiran sunansa, sai dai a rage murya a ce "wancan ciwon", kamar yana bayan ƙofa yana saurare. Insaf kuwa da sunansa take kiransa, yadda take kiran maƙwabcin da ya ari tsani bai mayar ba.

Ni malamin tarihi ne, na yi ritaya. Na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa 'ya'yan mutane yadda dauloli suka faɗi, su kuma suna kallon taga. Na karanta littattafai har idanuna suka yi yaji, amma babu wanda a cikinsu ya faɗi yadda ake ɗaga mace daga kujerar mota a hau da ita matakalar gidanmu. Da muka kai sama ta dafa ƙofa tana haki.

"Abu Ziyad, wannan hawan shi ne na ƙarshe," ta ce, don da sunan ɗanmu take kirana. "A ɗakina nake so. Ba can ba, inda ake tashin mutum daga barci don a ba shi maganin barci."

"Na ji."

"Ka ji ko ka yarda? Kai ai ji kake yi, ka tafi ka nemo hujja."

Ba ƙarya ta yi mini ba. Tun da aka ɗaura mana aure muke musu, kan siyasa, kan ko za a yi ruwa, kan wanda ya bar fitila a kunne, kuma ban tuna ranar da na ci ba. Wannan karon dai ban ja da ita ba.

Cikin makon aka turo mana Rudaina. Nas ce daga wata ƙungiya da ke bin masu irin wannan ciwo gida gida bayan asibiti ya sallame su. Mace ce kakkaura, sa'ar ɗanmu Ziyad, tana da 'yar farar mota mai tambarin ƙungiyar a ƙofa. Duk Karak an san motar nan. Inda aka ga ta tsaya, sai matan unguwa su fara duba ko baƙar rigarsu na buƙatar guga. Rudaina ta sani, shi ya sa take ajiye ta can ƙasa wajen mai burodi, ta hau matakala da jakarta a kafaɗa. Mai burodin ma ya taɓa roƙon ta ta matsa gaba kaɗan, wai ciniki na raguwa.

Ranar farko ta shigo numfashinta sama sama, ta dubi littattafan da suka cinye bangon falo.

"Kawu, duk ka karanta waɗannan?"

"Wasu har sau biyu."

"Madalla. To ka iya dafa shayi? Matakalarku ta kusa kashe ni."

"Bai iya ba," in ji Insaf daga ɗaki. "Shigo, 'yata, rabu da shi."

Abin da ta fara yi shi ne ta zauna a bakin gado ta tambayi Insaf me take so, sannan ta jira amsa. Na yi wata da watanni ina yawo a asibitoci ban ga an yi wannan ba. Bayan nan ta fito da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, irin wanda ake ɗigawa a baki, ta ce in riƙa bayarwa kan lokaci tun zafin bai taso ba.

"Zafin nan kamar surukai yake, Kawu. A ƙofa ake tare su. In ka bari suka zauna, sai sun ci abincin dare."

Ta koya mini juya mutum da zanin gado yadda ba za a ja fatarsa ba, da jiƙa leɓe da auduga, da zuba abinci a ɗan ƙaramin faranti, don babban faranti karya wa mara lafiya zuciya yake yi tun bai ɗauki cokali ba. Na koya, na kuma iya. Ashe ɗalibin da na yi ta nema a aji shekara da shekaru ni ne. Insaf ta fara barci mai nauyi, ta dawo da faɗanta, har ta sa na kawo mata tiren lentil, ɗan mitsitsin waken nan namu (a'a, ta ce ba ta yarda da tsintata ba) tana tsince duwatsu a kan cinya. Kafin ta tafi, Rudaina kan tsaya a kicin ta buɗe tukunya ta ga ko na ci wani abu. Na ce mata ba ni ne mara lafiyar ba. Ta ce, "Gida aka ba ni, Kawu, ba gado ɗaya ba."

Ciwon bai dame mu da hayaniya ba, ya san aikinsa yana yi. Mai hayaniyar Alhaji Mifleh ne, yayan Insaf. Dillalin siminti da rodi ne, mai faɗin ƙirji, in ya yi sallama sai gilasan taga sun amsa. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, kuma har ranar yana yi mini kallon wanda aka ba aron kaya masu tsada bai san darajarsu ba.

Ya zo ya ɗauki kwalbar mofin da yatsu biyu. "Wannan ba shi 'yan ƙwaya ke sha ba?"

"Shi ne, Alhaji," in ji Rudaina. "Su suna sha ba ciwo, Inna kuma da ciwonta."

Bai kula ta ba. Ya ja hannuna zuwa tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi.

"Malam Radwan, me kake so mutane su ce? Su ce Mifleh na raye, da shagunansa, ya bar ƙanwarsa a kwance a gida kamar wadda ba ta da kowa? Akwai asibiti a Amman, ɗaki guda na'urori har rufi. Na riga na yi magana da su."

"Alhaji, me na'urorin za su yi mata?"

"Za su nuna an yi ƙoƙari!"

Na ce masa ita ta zaɓi gida. Ya ce to ta faɗa da bakinta. Ya shiga ya tsaya a kanta ya ce, "Insaf, ranar Alhamis motar asibiti za ta zo ta ɗauke ki. Kin ji?" Matar nan da ta taɓa mayar da mahauci baya da ƙafar rago a hannu, ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya."

Da ya fita na ce, "Ina bakin naki?"

"Shi ya saya mini takalmin makaranta na farko. Ta ina zan dubi idonsa in ce a'a? Kai ka gaya masa, ai kai ne mai ilimi."

"Na gaya masa."

"To ka ga amfanin littattafan."

Ta juya fuska bango. Daga Amman ɗin nan ba dawowa, mu biyun mun sani. Ziyad kuwa yana Kanada yana neman hutu, ya kira ya yi kuka, ya goyi bayan duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe. Rudaina ta ce ba ta da ikon hana dangi. Ta ce da Alhaji zai zauna da ta yi masa bayani, sai dai tun da ta san shi ba ta ga ya zauna ba. Amma ta ce gadon da ta nema mana a ƙungiya zai iso ranar Laraba, kuma za ta kawo shi ko da dare ɗaya Inna za ta yi a kai.

Ranar Laraba da hantsi gadon ya iso, irin mai hannu da ake juyawa kai ya ɗago. Saboda nauyin ƙarafansa, Rudaina ba ta tsaya wajen mai burodi ba, ta kawo farar motar har gindin matakalarmu. Muka kafa shi a falo jikin taga mai kallon tsakar gida. Tsohuwar katifar Insaf kuwa babu wurin ajiye ta, sai na naɗe ta a wani koren bargo, maza biyun da suka kawo gadon suka ɗauke ta a kafaɗa suka sauka da ita sannu a hankali, don matakalarmu ba ta son gaggawa.

Tun da farko Rudaina ta kafa doka kan masu dubiya. A garinmu dubiya yaƙi ne: a cika ɗaki a sha gahawa, a ba da labarin wanda ya mutu da irin wannan ciwon bara. Ta ce su riƙa zama a tsakar gida, suna shigowa bibbiyu. Don haka da safiyar ranar na aro kujerun roba daga ma'ajin masallaci, waɗanda ake fitarwa in an yi rasuwa, tunda wasu babu. Da yake malamin makaranta ne ni, sai na jera su sahu sahu. Na cika babbar butar gahawa marar sukari na ajiye a tebur, kowa ya zuba da kansa. Wayata na kashe ta tun asuba saboda Mifleh. Da aka zo gyara wani ɗan gyambo da ya fara fitowa a ƙugun Insaf, Rudaina ta kulle ƙofa ta rufe katakon taga, Insaf kuma ta ce a kunna mata rediyo, karatun Alƙur'ani, a ƙara murya don kada ta ji ƙarar almakashi.

Duk wannan a idon Ummu Ayid, maƙwabciyarmu, wadda tagar kicinta ke kallon matakala. Kyanwa ma ba ta hawa gidanmu ba ta sani ba. Ƙawar Insaf ce ta ƙut da ƙut, kuma sun shekara talatin ba wadda ta yabi girkin wata. Ta ga farar mota a gindin matakala, ta ga abu naɗe a koren bargo an sauka da shi a kafaɗa, ga kujerun masallaci, ga taga a rufe, ga karatu na tashi. Ban ga laifinta ba. Malaman tarihi sun gina dauloli sukutum da hujjar da ba ta kai wannan ba.

Ina riƙe da kafaɗar Insaf muka ji salati daga waje, da kuka mai tsawo. Can sai takun ƙafafu, sai ƙarar jan kujeru. Na leƙa ta tsagar katako. Tsofaffin unguwa ne ke zama ɗaya bayan ɗaya, kowa da carbinsa. Ladan ya ɗauki butar gahawata yana zagayawa da ita.

"Me ake yi?" in ji Insaf.

"Ina jin kin rasu."

"Yaushe?"

"Da hantsin nan, bisa ga dukkan alamu."

Rudaina ta dafe kai. "Innalillahi! Motata ce. Bari in fita in gaya musu."

"Tsaya, 'yata." Insaf ta kama hannunta. Idanunta sun yi wani haske da na daɗe ban gani ba. "Juya mini hannun gadon nan in ɗago. Abu Ziyad, rage rediyon kaɗan. Wa da wa suka zo?"

"Inna, wannan ba kyau," in ji Rudaina, amma tana juya hannun.

"Ƙarya muka yi? Mun ce wa wani wani abu? Ke dai ki ƙarasa aikinki, kada ki yi sauri."

Na riƙa faɗa mata sunaye kamar ina kiran rajista a aji. Ta ji daɗin wasu, wani kuma ta ce abinci ne ya kawo shi. Mai burodi ya ce ba a taɓa yin mace mai haƙuri irinta ba, ta ce, "Maƙaryaci, shekaran jiya ya aiko mini da burodin jiya." Aka ƙwanƙwasa ƙofa, muryoyin mata ne, sai wata ta ce a bari nas tana ciki, suka wuce gidan Ummu Ayid. Ba a daɗe ba muka ji ana sara ƙashi. A garinmu gidan mamaci ba ya hura wuta, maƙwabta ke ciyar da jama'a, Ummu Ayid kuma ba ta jira izinin kowa ba ta sa an yanka rago ta ɗora mansaf, shinkafa da naman rago da muke yi wa taro.

Sai ga Mifleh. Ban taɓa ganin sa ba rawani ba sai ranar. Ya hau matakalar da gudu, mutum mai shekara saba'in da wani abu, ya doki ƙofarmu da tafin hannu yana kiran sunanta, ba da muryar kasuwa ba, da wata 'yar siririya da ban san yana da ita ba. Na kai hannu ga makulli. Insaf ma ta daina murmushi, ta buɗe baki za ta ce in buɗe. Kafin nan tsofaffi suka riƙe shi suka zaunar da shi a kujerar da ke daidai ƙarƙashin tagarmu.

"Ya zauna," in ji Rudaina a hankali. "Wallahi ya zauna."

Wani tsoho, Abu Hamdan, da ya yi aikin gidan waya, ya matso kusa da shi ya dafa gwiwarsa.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Amma ƙanwarka ta yi sa'a. Tawa a Amman ta cika, a ɗakin na'urori. Ta bayan gilashi nake ganin ta, kamar kifi. Ko kalmar shahada ban samu na laƙƙana mata ba. Da safe suka miƙo mini zobenta a leda."

Ladan ya ce, "Haka ne. Yanzu kowa sai ya kai nasa can don a ce ya kashe kuɗi. Ku kuwa kun bar ta a ɗakinta, cikin mutanenta, yadda iyayenmu suka tafi. Allah ya saka muku."

Aka yi ta cewa amin, ana miƙa masa hannu. Wannan ya ce gidan mutunci ke nan, wancan ya ce ai Alhaji Mifleh ba ya abu don a gani. Mifleh ya share fuska da hannun riga. Ya dubi jama'a, jama'ar nan da ya yi ta jin tsoron bakinsu, suna ta gyaɗa masa kai. Ƙirjinsa ya ɗan dawo wurinsa.

"Ni na ce a bar ta," ya ce. "Na ce ƙanwata ba za ta cika a hannun baƙi ba. A ɗakinta, na ce, ko me za a ce a ce."

Na yi imani a lokacin ya yarda da abin da yake faɗa. Haka ake rubuta tarihi, na koyar da shi na sani.

"Buɗe tagar," in ji Insaf.

Na tura katakon. Rana ta faɗo a kan gadon. Ta ɗan leƙo, mayafinta a gyare, ta ce da iyakar muryar da ta rage mata, "Na gode, Yaya. Jama'a, kun dai ji shi."

Butar gahawa ta faɗi daga hannun ladan. Mai burodi ya yi matakala, aka ce sai a shagonsa ya tsaya. Abu Hamdan ya yi ta salati yana dariya yana kuka. Mifleh kuwa ya tashi, ya koma ya zauna, ya sake tashi, fuskarsa ta yi fari fat. Rudaina ta fita da jakarta ta naɗa masa abin awon jini a hannu, ta ce kada ya motsa.

"Ke!" ya ce da Insaf ta taga, da ya sami numfashi. "Kashe ni za ki yi? Ashe rashin kunyar nan taki tana nan?"

"Tana nan, Yaya. Motar gobe fa?"

Ya dubi sahun kujeru. Kowa shi yake kallo.

"Wace mota?" ya ce.

Tunda abin awo na hannunsa ba shi da wurin zuwa, Rudaina ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ban ji duk abin da ta gaya masa ba. Na ji dai tana cewa asibiti ba zai ƙara mata kwana ba, gida ma ba zai rage ba, kuma mofin ba ya kashe mutum in an ba shi daidai. Ya tambaye ta wani abu ƙasa ƙasa, ta amsa masa ba kwana kwana, ya rufe ido. A ƙarshe ta ce tana neman wanda zai riƙa kawo ruwan rumman sabon matsa kullum bayan la'asar, ya kuma jiƙa wa Inna leɓe da shi, don Kawu hannunsa rawa yake yi. Hannuna ba ya rawa. Daga baya ta gaya mini haka take yi a kowane gida: wanda ya fi kowa hayaniya, aiki take nema masa.

Ragon dai an riga an yanka, ba a mayar da shi. Bayan azahar Ummu Ayid ta fito da tiren mansaf, idanunta a kumbure, ta shigo ta faɗa kan Insaf tana zaginta tana sumbatar ta. Maza suka tsaya suka kewaye tire a tsakar gida suna ci da hannu, ana ta maimaita yadda mai burodi ya sauka matakala. Insaf ta ce a ɗebo mata romon a cokali. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi yawa."

Na ɗanɗana. "Daidai yake. Magani ne ya canza miki harshe."

"Kai me ka sani? Mutumin da ya ci abincin makarantar kwana ya ce da daɗi." Ta juya wajen ƙawarta. "Ummu Ayid, ranar ta gaskiya ki rage. Mutanen Amman za su zo, kada ki kunyata ni."

Ummu Ayid ta fashe da sabon kuka ta ce wallahi za ta rage.

Insaf ta yi 'yan makonni a jikin tagar nan. Ta ga inabin ya nuna, ta ce ban iya yankan reshe ba. Ziyad ya iso, ta ce ya yi ƙiba. Mifleh bai fasa zuwa da rummansa ba ko rana ɗaya, ya zauna da audugarsa a manyan yatsun nan na ɗaukar rodi, yana ba ta labarin ƙauyensu, wani lokaci tana gyara masa. Ranar da ta daina gyara masa ya fito tsakar gida ya daɗe yana duba rumfar inabi, wai tana buƙatar sabon ƙarfe.

Wata safiya Rudaina ta saurari numfashinta, ta ja ni kicin ta ce ya canza, in kira wanda za a kira, kuma kada in ji tsoron ƙarar da zan ji a maƙogwaro, ba wahala take sha ba. Ta ƙi tafiya gidan da ke jiran ta, ta yi waya wata nas ta je. Bayan la'asar Insaf ta cika, taga a buɗe, Mifleh na laƙƙana mata shahada, hannunta a nawa. Babu gilashi a tsakaninmu.

Aka sake fito da kujerun masallaci. Wannan karon mutane sun zo a hankali, mai burodi ma sai da ya aiko a tabbatar masa. Mifleh ya tsaya a bakin sahu yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa kowa shi ya ce a bar ta a gida. Na ci gaba da karɓar tawa gaisuwar. Rudaina ta zo da baƙar riga, ta ajiye motarta inda ta ga dama, ta shiga kicin ta buɗe tukwanena duk da ta san ba a yi girki ba. Ta ce za ta riƙa leƙo ni. Na ce ba na buƙata. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Da aka fito da tiren Ummu Ayid muka tsaya muka kewaye shi, har da mutanen Amman da takalmansu masu ƙyalli. Na mulmula loma na kai baki. Lami. Ko ƙwayar gishiri babu, ta cika alkawari har ta wuce. Mutanen Amman suka yi ta taunawa cikin ladabi suna cewa Allah ya ba da lada.

Ban san lokacin da na juya wajen taga ba, da lomar a bakina. A buɗe take. Gadon an riga an kwance shi, wani gida na jira.

Insaf, Ummu Ayid ta rage gishirin kamar yadda kika ce, kuma ba ya ciwuwa. Na farkon daidai yake. Ni ne da gaskiya.